Ja da Baya

Nafi'u ne ya ja mini.
Ranar Laraba na tafi jana'iza Gwammaja,
na bar masa shago da makulli.
Na dawo na tarar kwamfutata ta sake fuska,
ta yi shuɗi fes kamar shaddar ango.
"Kawu, na ɗaga maka ita," in ji shi,
yana washe baki kamar ya biya mini Makka.

Shekara tara ina buga wa mutane takarda
a bakin kotu:
ta rantsuwa, ta haya,
koken wanda aka cinye wa fili a Ɗorayi.
Yatsuna sun san hanya ko an ɗauke wuta.
Yau ga ni baƙo a ɗakina,
ƙofar da na saba bi an toshe ta,
an fasa wata inda ban sani ba.

Firinta ce ta fara bore.
Tsohuwar nan mai tari, da na saya gwanjo a Sabon Gari,
ta ce ita ba ta jin yaren sabuwar.
Na danna, na lallasa, na cire waya na mayar.
Shiru, kamar an aiki bawa garinsu.

Sai haruffa masu ƙugiya suka bi sahu.
In buga ƙ, akwati. In buga ɗ, akwati.
Na ce bari in rubuta su haka, ba ƙugiya.
Mai shigar da ƙara ya koma mai shigar da kara.
Lauya Tanimu ya karanta, ya sauke tabarau:
"Malam Tasi'u, shari'a za mu yi ko darni?"

Kwana goma sha biyu na daure.
Na sha uku na rungume ta a cinya cikin adaidaita,
kamar mai kai akuya asibitin dabbobi,
har Titin Bairut, wurin Sammani,
wanda shagonsa bai fi faɗin tabarma ba.

"Yaushe aka ɗaga ta?"
Na faɗa.
Ya tsotsi haƙori.
"Da ka zo cikin kwana goma, da sawunta na nan, ta bi ta koma.
Yanzu sai an share gidan kaf."
Ya kwashe mini takardu a filashi ɗan mitsitsi,
shekara tara a abin da bai kai ɗan yatsa ba.
"Kuma ka sani, Baba,
masu tsohuwar nan sun daina leƙa ta.
Gida ne ba maigadi."
Na ce na ji.
Ba zan bar ta ta fita yawon intanet ba,
ta zauna ta yi aikin da na saye ta dominsa.

Aka yi Azahar, ɗan layi yana rarrafe a allo.
Aka yi La'asar, ya kusa.
Sannan sautin nan ya fito,
ɗan kiɗan da take gaishe ni da shi kowace safiya,
wanda ban taɓa sanin ina so ba.

A shago firinta ta yi tari biyu, ta haɗiyi takarda,
ta fito da ƙara da ƙugiyarta a tsaye.

Abu ɗaya ne bai dawo ba:
takardar masu bashi.
A kan allo na ajiye ta, Sammani bai duba nan ba,
ni ma ban tuna ba.
Tun jiya wasu ke gaishe ni da fara'ar da ban yarda da ita ba.

Yanzu na buɗe sabon shafi, ina tono su daga ka.
Na ɗaya dai ban sha wahala ba:
Nafi'u, dubu huɗu, kuɗin Sammani,
da ɗari shida na adaidaita, zuwa da dawowa.